Malfar Kulu da Keken Altine

Boɗinga, Rabi'ul Sani, 1380

Daga Kulu, jajin matan Boɗinga, mai ja musu gaba wajen neman karatu, zuwa ga taubashina kuma bawana na gado, Altine mai ƙwayoyi, a ɗakin shan magani na Shagari.

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da yara da Ramatu, wadda Allah Ya ɗora wa haƙurin zama da kai. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa na kan hanya.

An ba ni labari ranar bikin 'yancin kai ka sa farar riga har da takalmi sau-ciki, ka tsaya bayan 'yan makaranta kana kaɗa 'yar tuta. To ina sanar da kai, 'yancin nan na ƙasa ne, kai bai shafe ka ba. Kakana namiji, kakarka mace, ciki ɗaya suka fito, don haka jikan mace bawan jikar namiji ne har Mahadi. Bature ya tafi, ni ina nan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Fararen ƙwayoyin nan masu tsami da ka aiko mini bara sun ƙare. Sanyin ƙashin da ya tare a gwiwoyina shekara da shekaru ya hayayyafa, 'ya'yansa sun bazu cikin yatsu da wuyan hannu. Da safe sai rana ta ɗaga kafin yatsuna su yarda su buɗe. Wannan duk tsohon labari ne, ka san shi. Sabon shi ne hannun dama ya fara yi mini yaji. Shekaranjiya ƙwaryar nono ta suɓuce mini, ban san na sake ta ba sai da na ji ƙararta a ƙasa. Ƙirjina kuma tun ranar bikin naku yake kiɗa, makaɗin bai ji an tashi ba. In na kwanta a miƙe sai numfashi ya tsaya mini a wuya, shi ya sa yanzu a jingine nake barci kamar mai gadin kasuwa. Ina jin mutuwa ce take leƙe, ta ga ba bawa a bakin ƙofa.

Ka aiko da ƙwayoyin da wuri. Cikin Sha'aban, in Allah Ya kai mu, zan ja 'yan taru, matanmu masu neman karatu, zuwa Sakkwato kamar kowace shekara. Bana har da wasu matan Dingyaɗi za mu, tsofaffi da zawarawa da 'yan mata, kowa da ƙafarta, ni a gaba da malfata. Za mu kai wa malamarmu Modibbo zuma da zare da man shanu, mu karɓo karatu mu kawo wa matan aure da ba su fita. Ba na son gwiwa ta kunyata ni a gaban baƙi.

Ka ba direban motar Jega, ya ajiye wajen mai goro a bakin tasha. Zulaihatu, matar marigayi ƙanen mijina, za ta karɓo.

Wassalam. Uwargijiyarka.


Shagari, Oktoba 1960

Zuwa ga tsohuwa mai malfa, sarauniyar masu ƙarya ta Boɗinga da kewaye.

Na amsa sallamarki. Muna lafiya, Ramatu na gaishe ki, ta ce haƙurin da take yi da ni bai kai wanda marigayi mijinki ya yi da ke ba, Allah Ya jiƙansa, ai ya huta.

Ga ƙwayoyi nan, asfirin sunansu, ko da yake na san ba za ki iya faɗa ba. Biyu bayan kin ci abinci, kada ki sha su ciki ba komai, suna cin tumbi. Ki lura da kyau: bawan da uwargijiya ke roƙo a takarda, ai ya zama mai gida.

Zancen makaɗi a ƙirji da mutuwa mai leƙe kuwa, na karanta wa Ramatu mun sha dariya. Kin ƙware, ban hana ki ba. Amma kin manta da wanda kike magana. Ba ni ne shekarun baya kika aiko wa cewa kina kan gargara, in zo mu yi bankwana ba? Na rufe ɗakin magani, na tako keke cikin zafin bazara, taya ta fashe mini a Sifawa, na turo shi da hannu, na iso harshe a waje. Me na tarar? Ke ce zaune kina dama fura, matan unguwa sun cika tsakar gida suna jiran su ga bawa ya amsa kira. Har yau in na shiga kasuwar Boɗinga sai na sami mai tambayata ya mai jiki.

Wannan karon kekena na jingine a bango, kuma a nan zai kwana. In ƙwarya ta faɗi, rowa ce ta yi miki yawa, hannun ya gaji da riƙo. In kina barci a jingine, tuwon dare kike cikawa. Ki nemo wata dabarar, wannan ta tsufa kamar mai ita.

Allah Ya kai ku Sakkwato lafiya. Ki roƙa mini gafara a can, ke kuma ki roƙa wa kanki ninki biyu.

Naki, Altine, ɗan ƙasa mai 'yanci.


Boɗinga, Rajab, 1380

Zuwa ga Altine.

Sallama da gaisuwa. Ka gai da Ramatu. Mu nan lafiya.

Ƙwayoyi sun iso tun tuni, na gode. Ban amsa da wuri ba don alƙalami ya yi mini nauyi kwanakin nan.

Na ga ka sha dariya. Madalla. Ga ƙari, tunda abin na ba ka nishaɗi. Ran Laraba ina tsaye bakin murhu ina juya miya, sai Zulaihatu ta shigo tana shinshina iska.

Ta ce, "Inna, mi ka ƙuna?"

Na ce, "Ba abin da ka ƙuna, miya ta."

Ta dubi ƙasa, ta saki salati, ta ture ni gefe. Ashe garwashi na taka, yana manne a tafin ƙafata yana cin nama, ni kuwa ina ta lissafin daddawa. Ban ji komai ba, Altine, ko kamar cizon sauro. Gwiwar da ke sama da ƙafar tana hana ni sakat dare da rana, ƙafar da ke ƙasa da ita kuwa wuta ta ci ba ta gaya mini ba. Ka karanta wa Ramatu wannan ma.

Ƙafafun sun kuma kumbura. In na danna yatsa sai ya bar rami kamar a malmalar tuwo. Daga ɗakina zuwa zaure sai na tsaya na dafa bango ina haki. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho a gwiwa, ya zuƙe jini baƙi ƙirin, ya ce sanyin ne ya fita. Washegari sanyin yana nan, jinin ne ba ya nan.

Ka bar kekenka a jingine, ban ce ka zo ba. Sai dai zan faɗa maka gaskiya, takardarka ta ba ni haushi. Na rasa wanda zan ji haushin nasa, tunda ni na koya maka kada ka yarda da ni.

Tafiya na nan ba fashi. Mata sun fara tara zare.

Kulu.


Shagari, Janairu 1961

Zuwa ga 'yar'uwata Hauwa'u.

Assalamu alaikum. Mu nan lafiya. Ba zan tambayi taki lafiyar ba, na karanta ta.

Na ajiye wasa. Na ɗauko takardarki ta farko na sake dubawa, na ga tun a nan kin faɗi komai, ni ne na tsaya dariya. Ki yafe mini, sannan ki saurara.

Ciwon nan da muke kira sanyin ƙashi, irin naki mai kumbura gaɓoɓi hagu da dama, ba a gaɓa kaɗai yake zaune ba, duk jiki yake zagayawa. Zafin nan da kike ji in kin dafa gwiwarki, irinsa yana iya kama tantanin da ya lulluɓe zuciya, da naman zuciyar, da hanyoyin jini. In abin ya daɗe sai zuciya ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Daga nan ruwa ya taru a ƙafa, in an kwanta ya hau huhu. Shi ne ramin da yatsanki ke bari, shi ne barcin jingine. Lokacin da nake koyon aiki a Zariya na ga mata masu irin wannan, likita ya sa mini abin sauraren ƙirji a kunne na ji da kaina.

Sai jijiyoyi. Akwai waɗanda aikinsu kai labari ne, su ce wa mutum nan wuta, nan ƙaya. Kumburin wuyan hannu yana matse su, shi ya sa ƙwarya ta faɗi ba ki sani ba. Na ƙafa kuma ciwon yana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, sai su yi shiru. Ƙafar da ba ta ji garwashi ba, ba za ta ji ƙaya ko tsakuwa a hanyar Sakkwato ba, kuma gyambo a irin wannan ƙafa ba ya saurin rufewa. Shi kansa zogin da kike kwana da shi kike tashi da shi yana hana jiki sakewa. Zuciya ta yi ta gudu kamar ana bin ki, barci ya ƙaura, rai ya riƙa ɓaci ba gaira ba dalili.

Ƙwayoyina ba su kai nan ba. Ki shiga mota ki tafi babban asibitin Sakkwato a duba ki. Ki daina ƙaho, jininki kawai kike zubarwa. Ki rage gishiri da kanwa a abinci. Tafiyar Sha'aban kuma ki bar ta. Ina faɗa miki da bakin mai aikin magani, ina faɗa miki da bakin ɗan'uwa: zuciyar nan tana iya tsayawa a kan hanya.

Ina jin tsoro, Hauwa'u. Ki amsa mini da motar farko.

Altine.


Boɗinga, ƙarshen Rajab, 1380

Zuwa ga bawana Altine.

Sallama. Ka gai da Ramatu da yara. Jiki da sauƙi, tunda haka aka saba cewa.

Takardarka ta same ni cikin mata, muna bitar karatu. Na karanta musu ita da ƙarfi, na ce ku zo ku ji, bawa ya zo ramuwa. Yana so in tsorata in ja zane in kwanta, in raba kayan ɗakina, sannan ya bayyana da kekensa ya tara mini 'yan kallo yadda na tara masa. Na ce wallahi ya iya, har da tantanin zuciya. Kowa ta yi dariya ban da Zulaihatu. Da mata suka watse ta ɗauki takardar ta miƙo mini.

Ta ce, "Inna, dibi kan takardag ga. Da wane suna yak kira ki?"

Na duba. Tun muna yara muna haɗuwa a gidajen biki ka kira ni mai ƙwaurin sanda, ka kira ni 'yar rowa, ka kira ni tsohuwa tun ban yi furfura ba. Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinka ba. Na sake karanta takardar daga farko.

To na gaskata ka. Duk abin da ka faɗa na yarda haka ne. Kuma zan tafi.

Kai magani ka sani, ba ka san malfa ba. Ba a kasuwa na saye ta ba. Modibbo ce ta ɗora mini ita da hannunta, ta naɗa mata jan ƙyalle, a gaban mata. Ba a aika ta da ɗan saƙo, ba a gadonta a bakin kabari. Wadda aka ɗora wa ita ke mayar da ita inda ta karɓo, ta nuna wadda za ta gaje ta, a ɗora wa waccan a can. Akwai wani ƙauye gabas da mu, jajinsu ta yi ta cewa sai baɗi, sai baɗi, har ta rasu malfa na rataye a ɗakinta. Mata suka kasa shirya kansu, iyaye suka hana 'yan matansu fita don ba jaji a gaba, taru ya mutu. Bara wata daga can ta zo har gidana tana tambayar yadda ake wankan gawa, uwarta na kwance ba mai yi mata. In na zauna bana, kai da kanka ka ce baɗi ba tawa ba ce. Zulaihatu ta iya karatu, tana da haƙurin da ni ban da shi. Sai na kai ta.

Ka ce mota. In hau mota in bar tsofaffin da suka girme ni suna takowa? Iyaye malfa suke bi da ido har ta ɓace, saboda ita suke sakin 'ya'yansu. Ranar da aka ga jaji cikin mota, masu hali za su bi ta, marasa hali su zauna gida, kuma su ne suka fi yawa.

Ƙaho na daina. Gishiri na rage, miya ta zama ruwan wanke kwano, Allah Ya isa tsakanina da kai. Zancen ɓacin rai kuwa kada ka ɗora wa ciwo laifi, da abina aka haife ni.

Ciwon nan ya nemi gwiwa na ba shi. Ya nemi yatsu, ya nemi tafin ƙafa, duk ya samu. Yanzu ka ce zuciya yake so. Ya jira in dawo daga Sakkwato.

Uwargijiyarka, Kulu.


Shagari, Janairu 1961

Zuwa ga mai taurin kan Boɗinga.

Sallama. Mu a gida lafiya, amma gari ba lafiya. Baƙon dauro ya sauka Shagari, tun asuba iyaye ke layi da yara a ƙofata, ni kaɗai ne kuma a ɗakin maganin nan. Ba don haka ba da kin gan ni, da na tare ƙofar zaurenki da keke.

Na san ki. Tunda kin ce za ki, ko an ɗaure ki da igiyar rijiya za ki. To ga abin da nake roƙo, kuma roƙo ne, ba wasa a ciki.

Kada ku yi tafiyar a yini ɗaya kamar yadda kuka saba, ku raba ta ku kwana a hanya. Duk inda kika ji haki ki zauna, kada ki jira sai an kai inuwar da aka saba hutawa. Duk zaman da za ku yi, Zulaihatu ta duba tafin ƙafarki da idonta, tunda ƙafar ta daina ba da labari. In ƙirji ya ɗaure, ko kika ga duhu-duhu, ki zauna a jingine, kada a kwantar da ke. In kin sauke malfa, daga gidan Modibbo sai asibiti. Ga 'yar takarda nan da boko, ki ba malamin da ke bakin ƙofa.

A cikin ƙunshin akwai takalmina sau-ciki, na ranar biki, wanda kika yi wa ba'a. Naki ba zai shiga kumburarriyar ƙafa ba, kuma takalmin fade ba ya tare ƙaya. Ki cusa auduga ki sa. In mata sun yi dariya ki ce bawanki ne ya biya haraji.

Abu na ƙarshe. Daga yau, duk ranar da kika aiko cewa in zo, zan hau keke. Ko wasa ne ko gaskiya ba zan tsaya tambaya ba. Gara duk kasuwar Boɗinga ta yi mini dariya.

Allah Ya tsare hanya.

Altine.


Shagari, Fabrairu 1961

Hauwa'u,

Sallama. Shiru ya yi yawa. Azumi ya kama, ban ji daga gare ki ba. Wani mai albasa ya ce ya ga taron mata a hanyar Sakkwato kwanakin baya, sun kewaye wata da ta faɗi, wasu na kuka. Ya ce bai tsaya ba. Direban motar Jega ya ce ya ajiye takarduna wajen mai goro, ba wanda ya zo karɓa.

In kina da rai ki sa a rubuto mini ko layi ɗaya. In wasa kike yi da ni, kin ci, na sallama, ki faɗa wa duk wanda kika ga dama. Zulaihatu, in ke ce kike karanta wannan, ki gaya mini gaskiya don Allah. Yara na mutuwa a hannuna a nan, ba ni da halin barin gari, kuma ba na iya cin abin buɗa baki.

Altine.


Boɗinga, Ramalan, 1380

Zuwa ga bawana, mai saurin kuka.

Sallama da barka da shan ruwa. Allah Ya ɗauke muku baƙon dauro, Ya jiƙan yaran da suka riga mu. Ina da rai. Zulaihatu ce ke rubutu, ni ke faɗa, in ka ga hannu ya yi kyau ba nawa ba ne. Jiya muka dawo, shi ya sa ba wanda ya je wajen mai goro.

Mai albasa bai yi ƙarya ba, ni ce na faɗi. Amma bari in fara daga farko.

Na sa takalminka. Matan Dingyaɗi sun yi dariya har da riƙe ciki, wai jaji ta sama malama, ta ƙasa ɗan sanda. Ranar farko mun yi tafiya a hankali, mun kwana a wani ƙauye. Da Zulaihatu ta cire takalmin sai ga ƙaya ta huda shi ta tsaya a cikin auduga. Ban ce ka yi gaskiya ba, labari kawai nake ba ka.

Washegari, muna hango gari, sai makaɗin nan na ƙirjina ya rikice, ya buga ya tsaya, ya buga ya tsaya. Na ga duhu ya taso daga gefen ido. Ban san sanda na kai ƙasa ba. Da na farfaɗo na ji ni a jingine jikin Zulaihatu, ta hana a kwantar da ni kamar yadda ka ce, 'yan mata na ta kuka. Wani mai itace ya tsaya, ya sauke kayan jakinsa.

Ya ce, "Iya, hau in kai ki, don Allah."

Na ce, "Ba ni hawa. Ina malhwata?"

Wata ta ce ga ta nan ta ɗauke don in sha iska. Na ce a mayar mini da ita. Na ce da masu kuka, "Wa yam mutu? Ku tashi mu tahi, ku ɗauko waƙa inda munka tsaya." Tsofaffi biyu suka sa kafaɗunsu ƙarƙashin hammatana. Haka muka shiga Sakkwato, rabi ina takawa rabi ana ja na, amma ni ce a gaba.

A gidan Modibbo abin da ban zata ba ya faru. Na durƙusa gabanta da ƙyar, na ɗaga hannu in cire malfa, hannu ya ƙi kaiwa kai. Na sake gwadawa, kafaɗa ta ƙi, yatsu kuma ko sun kai ba abin da za su riƙe. Zulaihatu ta matso za ta taimaka, na harare ta. Na tako duk wannan hanya don wani hannu ya cire mini ita? Sai na sunkuyar da kai, na yi ta sunkuyarwa har malfa ta zame ta faɗa cinyar Modibbo.

Modibbo ta dafa ta, ta ce, "Kulu, kin kawo ta."

Na ce, "Na kawo ta, ga kuma mai ɗaukatta."

Aka ɗora wa Zulaihatu. Ga ta nan tana rubutu tana hawaye, tana ɓata mini takarda.

Daga nan na cika alkawari, aka kai ni asibiti. Likita ya sa abin nan nasa a ƙirjina ya daɗe yana saurare, sannan ya faɗi duk abin da ka faɗa, har da tantanin. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Sun riƙe ni kwanaki, sun yi mini allurai, ruwan ƙafa ya sauka, sun ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na zuciya. Ya ce abin da ciwon ya ci ya ci, sai dai a lallaɓa sauran. Ya ce ba ni ba doguwar tafiya, ba ni ba azumi. Tafiya ban damu ba, na gama tawa. Azumin ne ya sa ni kuka, ban ɓoye maka ba. Tun ina budurwa ban taɓa shan ruwa da rana tsaka mutane na kallona ba.

A mota na dawo, tunda ba malfa a kaina. Ashe daɗi gare ta, munafuka.

Takalmi ba zan mayar ba.

Uwargijiyarka, Kulu, wadda ta riga ciwo isa Sakkwato.


Boɗinga, Sha'aban, 1381

Altine,

Sallama. Ka gai da Ramatu. Ka yi haƙuri da rubutun, da zare na ɗaure alƙalami a yatsa. Mai rubuta mini ba ta nan.

Yau da safe suka tafi. Na sa an fito da ni ƙofar zaure an jingine ni. Sun fi na bara yawa. Har da mata biyu daga ƙauyen nan na gabas, wadda ta zo tambayar wankan gawa ta kawo ɗiyarta. Zulaihatu na gaba. Malfar ta ɗan yi mata yawa, tana gyara ta da hannu. Da suka zo daidai ni ta tsaya za ta durƙusa, na ce wuce, jaji ba ta tsayawa tun ba a bar gari ba. Na bi malfar da ido har ta sha kwanar kasuwa. Waƙar ta fi malfar daɗewa, ina jin ta bayan na daina ganinsu. Ban taɓa jin ta daga baya ba sai yau. Da daɗi.

Ƙafa ta koma kumburi, ya hau har cinya. Ƙananan ƙwayoyin sun daina jin magana. Makaɗi ya gaji, yana yi yana hutawa. Na ce masa ya jira in dawo daga Sakkwato, ya jira, har ya ƙara mini shekara. Ba ni da ƙara a kansa.

Alkawarinka na nan, ban taɓa shi ba. Zuwan da ka yi da Sallah ba ya ciki, ba ni na kira ka ba.

Yanzu ina kira. Ka duba tayar kekenka da kyau kada ta fashe a Sifawa. Na sa an sayo nono, akwai fura.

Ba zan gaya maka ko wasa ne ba. Ka zo.

Hauwa'u.